A duba sabulan wanka da mayukan gashi da suka cika kasuwanninmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi magana a kan abin da kowane gida ke amfani da shi safe da yamma, amma ba kasafai ake sa shi cikin zancen lafiya ba, wato sabulun wanka da shamfu da man da muke shafawa idan mun fito daga makewayi. Ni malamar makaranta ce a nan Tawa, kuma uwa, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na ga yawancin kayan wankan da ke kan teburan ƴan kasuwa sun bar aikin da aka san su da shi na fitar da dauɗa, sun koma yi wa mutane alkawarin sauya musu fata, alhali mai saye bai san abin da ke cikinsu ba, sau da yawa mai sayarwar ma bai sani ba.

Fatar ɗan Adam tana da wani siririn maiƙo da Allah ya lulluɓe ta da shi, wanda ke riƙe mata laima, yake kuma hana ƙwayoyin cuta samun gindin zama. A ma'aunin tsami da masana ke kira pH, mai tashi daga 0 zuwa 14, inda tsami ke raguwa idan lamba tana hawa, lafiyayyar fata tana wajen 5, shi kuwa sabulu na dunƙule, da yake da mai da soda ake dafa shi, yana tsakanin 9 da 10. Saboda haka duk wankan da aka yi da sabulu yana ɗebe wani abu daga wannan kariya, sai an ɗauki sa'o'i kafin fata ta mayar da shi. A ƙasar da iskarta ke da danshi wannan ba wani abin damuwa ba ne, amma mu a Adar, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar ɗari ce busasshiya ke kaɗawa da ƙura, ƙafafu su yi kaushi, leɓɓa su tsage, sannan Afrilu da Mayu su zo da zafin da ke wuce digiri 40, inda wanda ya samu ruwa zai yi wanka sau biyu ko uku a yini. Duk da haka a gidaje da yawa sabulu ɗaya ne ke wanke tufafi da kwanoni da jikin jariri, wasu kuma garin wankin nan mai kumfa suke zubawa a kan yara idan za a yi musu kitso. Ban manta da halin da ake ciki na tsadar rayuwa ba, kuma ba zan ce wa matar da ke lissafin kuɗin cefane da dala-dala ta sayi sabulu kala uku ba. Sai dai garin wanki an yi shi ne domin ya narkar da maiƙon da ya kama yadi, kuma haka yake yi wa fata da gashi. Ƙaramin sabulu marar launi da marar ƙamshi mai ƙarfi, a ware shi don jiki kaɗai, a ajiye shi inda zai tsane, yana jimawa fiye da yadda ake zato.

Yadda ake wankan ma yana da nasa rabo. Mun tashi da tunanin cewa sai an dirje jiki da soso mai kaushi har fata ta yi ƙara a ƙarƙashin yatsa sannan an fita, alhali wannan ƙarar alama ce ta cewa maiƙon ya tafi duka. Wuraren da ke buƙatar sabulu kullum su ne hamata da matsematsi da ƙafafu da hannuwa, sauran jiki kuwa a wanka na biyu ruwa kaɗai ya wadatar. Ruwan da ya yi zafi sosai, wanda muke so da asubar ɗari, yana ƙara busar da fata. Mai kuma an fi cin amfaninsa idan aka shafa shi da sauran danshi a jiki, ko man kaɗanya ne ko basilin, domin aikinsa shi ne ya tsare ruwan da ke cikin fata kada iska ta kwashe shi.

Sabulan da ake tallatawa da sunan masu kashe ƙwayoyin cuta ba zan tsaya a kansu da yawa ba. A shekarar 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa sinadarai 19 a irin waɗannan sabulai na amfanin gida, ciki har da tirikilosan, domin kamfanoni sun kasa nuna cewa sun fi sabulu na yau da kullum kare mutum daga cuta. Wanda likita bai rubuta masa ba, ba shi da dalilin ƙara kuɗi a kansu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wanda mata ke kira sabulun haɗi. Na tsaya na ga yadda ake yin sa a wani gida da ake shirin biki. An kankare sabulai iri-iri a cikin roba, an zuba kurkum da zuma da ruwan lemun tsami, abubuwan da kowa ya sani, sannan mai haɗin ta ciro ƙananan bututai daga jakarta ta matse su ɗaya bayan ɗaya, ta tsiyaya wani ruwa daga kwalbar da ba ta da ko harafi ɗaya a jikinta, ta cuɗa da hannu, ta cika ƙananan robobi. Da na ɗauki kwalin bututu ɗaya na karanta, sai na ga maganin kilobetazol ne, wanda yana cikin mafi ƙarfin magungunan shafawa na dangin kotizon, irin wanda likitan fata ke bayarwa na ɗan gajeren lokaci a kan wuri ƙayyadadde. Amarya kuwa an ce ta shafe jikinta da shi duka, ta bar kumfar ta jima kafin ta ɗauraye, safe da dare. Mai haɗin ba muguwa ba ce, abin da aka koya mata take yi, kuma bayan ƴan yatsunta sun yi baƙi ƙirin sun bambanta da sauran hannun, alamar ita ma da shi take wanka.

Sinadarai uku ne aka fi samu a irin waɗannan kaya, kuma illar kowanne sananniya ce a wurin likitoci. Kotizon yana sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, ya kawo nankarwa mai faɗi wadda ba ta gogewa, ya buɗe ƙofa ga ƙyasbi da ƙuraje da ƙazuwa, idan kuma aka daɗe ana shafa shi a dukan jiki yana ratsawa cikin jini ya jawo hawan jini da ciwon sukari. Fatar da ya cinye ba ta saurin warkewa, abin da ke zama matsala babba ranar da aka yi wa mace aiki wajen haihuwa. Mugun abin da ke tattare da shi shi ne ranar da aka daina, fata takan yi ƙaiƙayi da zafi ta ƙara duhu, sai mai amfani da shi ta ɗauka maganin ne ke riƙe da ita, ta koma. Haidirokinon, wanda Tarayyar Turai ta hana sa shi a kayan kwalliya tun 2001, yana hana fata yin launin da ke kare ta daga rana, kuma bayan shekaru yana barin baƙaƙen tabo a kumatu da goshi da wuya waɗanda suka fi launin asali duhu nesa ba kusa ba. Na uku shi ne makuri, wato zaiba, wanda ake sa gishirinsa a wasu sabulai da mayuka. Shi ƙoda yake lalatawa da jijiyoyi, yana ratsawa zuwa ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono, yana kuma manne wa tawul da zanen gado, ta yadda mijin da yaran da ba su taɓa shafa shi ba za su samu rabonsu.

Duniya ta daɗe da sanin wannan. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda aka raɗa wa sunan garin Japan da gubar makuri ta nakasa mutanensa, ta fara ne da ƙayyade yawansa a kayan shafa, sannan a taron 2023 ƙasashe suka amince a daina sa shi gaba ɗaya daga 2025. Kodibuwa ta hana mayukan sauya launi a 2015, Gana ta hana masu haidirokinon a 2016. Wani rahoto na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya, da 59 na Togo, da 25 na Mali suna amfani da kayan hasken fata a kai a kai. Waɗannan ƙasashe ne da muke cin kasuwa ɗaya da su, kuma duk wanda ya san hanyar Ƙonni ya san abin da aka sayar a Sakkwato yau, jibi yana kan tebur a Tawa. Yanzu abin ya wuce ƴanmata, domin akwai samarin da ke yi, akwai kuma iyayen da ke wanke jarirai da sabulun da aka rubuta wa mai haskaka fatar yara. Ina ganin wasu ɗalibaina ƴan shekara 13 da 14 fuskarsu ta riga wuyansu haske, kuma zuciyata tana ƙuna, domin na san ba su suka ƙirƙiro wannan buri ba. A bakin manya suka ji ana yabon amarya da cewa ta yi fari, a bakin maza suka ji ana fifita fara a kan baƙa.

Game da gashi, namu mai murɗewa ne, maiƙon fatar kai ba ya saukowa har ƙarshen sili, shi ya sa yake bushewa ya karye da wuri. Shamfu mai yawan kumfa ba shi ne mafi kyau ba, kuma wanke kai sau ɗaya a mako ko mako biyu ya ishi mai kitso, muddin za ta wanke fatar kan da kyau, ta bar gashin ya bushe sarai kafin ta ɗaura kallabi. Kakanninmu da karkashi suke wanke kai: a jiƙa busasshen ganyen a ruwan ɗumi har ya saki yauƙi, a tace, a cuɗa gashi da shi, sai mataji ya wuce ba tare da ya tsinke shi ba. Garin ganyen magarya ma yana wankewa ba ya busarwa. Waɗannan suna nan a kasuwa da araha, kuma ban ga abin da ya sa za mu raina su ba. Man miƙar da gashi kuwa, yawancinsa da soda mai ƙuna ake yin sa ko danginta, shi ya sa yake barin gyambo a kan wadda aka bar mata shi ya daɗe, kuma bai kamata ya kusanci kan ƙaramar yarinya ba ko da an zana hoton yarinya a kwalin. Amosanin kai yana jin shamfun da ke da ketokonazol, wanda ake samu a farmasi. Makero dai, da ke cinye gashin yara a makarantu, shamfu kaɗai ba ya kashe shi, sai an haɗa da maganin sha na makonni daga likita, a kuma daina tarayya a mataji da hula da injin aski da ba a tsabtace ba.

Kada a fahimce ni da cewa duk abin da aka yi a gida lafiyayye ne. Ƙungiyoyin mata da ke dafa sabulu da man aduwa da na dogon yaro da na kaɗanya suna aikin da ya cancanci a tallafa masa, amma sabulun da aka haɗa da soda ba tare da an dafa shi ba yana buƙatar makonni 4 zuwa 6 yana shan iska kafin ya dace da jiki, idan kuma sodar ta yi yawa zai ƙona fata komai kyan man da aka sa. Sabulun salo ma yana busar da wasu. Abin da nake nema a wurin na gida da na waje duka ɗaya ne, a rubuta abin da ke ciki, da sunan wanda ya yi, da ranar da aka yi. Mai saye kuma ya saba da juya kwali: ana jera sinadarai ne daga wanda ya fi yawa zuwa wanda ya fi ƙaranci, hoton buɗaɗɗen gwangwani mai 12M yana nufin wata 12 bayan an buɗe, kuma duk abin da ya yi alkawarin haske cikin kwana 7 a bar shi a inda aka gan shi. Wadda ta riga ta daɗe tana amfani da haɗi, kada kunya ta hana ta zuwa asibiti da robar a hannunta, domin janye kotizon yana son a bi shi sannu a hankali a ƙarƙashin kulawar likita.

Ina kira ga Ma'aikatar Kiwon Lafiya da ta Kasuwanci da jami'an duwan su ɗauki waɗannan kaya da muhimmancin da suke ba jabun magunguna, domin bututun kilobetazol magani ne, wurinsa farmasi, ba tiren ƴan talla ba. Muna da ɗakin gwaje-gwaje na ƙasa a Yamai, LANSPEX, wanda aikinsa ya haɗa da tantance ingancin magunguna. Gidajen rediyonmu su riƙa gayyatar likitocin fata da ungozomomi su yi bayani da Hausa da Tamashek da Fulatanci da Zabarmanci, tun da rubutun kwalayen da Faransanci ko Turanci yake, malamai kuma su taɓo zancen a wa'azin mata da na maza baki ɗaya. Kai kuma, Malam Edita, ina roƙon jaridarka ta tura wakili ya sayo samfurin sabulan haɗi da na kwali da aka fi saye a kasuwar Tawa da ta Katako da Babbar Kasuwar Yamai, a kai su a auna, a buga mana sakamakon da sunan kowane sabulu da abin da aka samu a cikinsa.

Wassalam.

Wata malamar makaranta,
Tawa.