Kada a yi wa tsohon agogo sabuwar fuska

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ɗan ba ni fili a jaridarka mai farin jini in ja kunnen magada da masu gyaran agogo, kada abin da ya same ni ya samu wani.

Marigayi mahaifina ya sauke farali a 1974, ya dawo da agogon hannu ƙirar Omega da ya saya a Jidda. Na ƙarfe ne, ba ya cin batir, motsin hannu ke tafiyar da shi. Shekara talatin da 'yan kai yana ɗaure da shi, sai zai yi alwala yake kwancewa ya jefa cikin hularsa. Zafin ranar Sakkwato kuwa ba sai an ba kowa labari ba. A hankali baƙar fuskar ta koɗe ta koma ruwan goro. Da aka zo rabon gado, kuɗin da aka yi masa bai kai na rediyon Baba ba, ya faɗo cikin kasona.

Ni da ƙafata na kai shi wurin wani mai gyara a kasuwa, na ce a wanke inji a sa mai. Bayan kwana uku ya miƙo mini yana murmushi, ya ce, "Malam, har fuskar na gyara maka, kyauta." Ashe kankare ta ya yi, ya shafa baƙin fenti, ya sake rubuta sunan kamfanin da hannu, harafin M har ya ɗan karkace. Ni kuwa na yi ta godiya, har da ƙarin na goro. Sai bara ɗan ƙanwata ya riƙe agogon, ya juya shi, ya ce, "Kawu, wa ya yi maka wannan ɓarnar?" Garin neman gira an rasa ido.

Masu tara tsofaffin agogo a duniya fuska suke fara dubawa kafin inji, don inji yana gyaruwa, fuska kuwa in an taɓa ta shi ke nan. Koɗewar nan da muke raina wa, su nema suke yi, har suna kiran irinta fuskar ƙasashen zafi, saboda rana ce ke rina ta, kuma ba a samun biyu iri ɗaya. A watan Oktoba na 2017 gidan gwanjon Phillips ya sayar da agogon Rolex Daytona na ɗan wasan fim Paul Newman a New York kan dalar Amurka miliyan 17.8. Sunan mai shi ya ɗaga kuɗin, babu musu, amma irin fuskar ma tana da tsada da kanta, domin a zamaninta ba ta yi kasuwa ba, shi ya sa ta yi ƙaranci.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne na ƙasashen Larabawa. Sultan Qaboos na Oman ya riƙa sa a buga masa tambarin ƙasarsa, wuƙa mai lanƙwasa a kan takubba biyu, a fuskar Rolex, yana kyauta da su. Akwai kuma Rolex ƙirar Day-Date, wanda ya fito a 1956, wasunsa da sunayen ranaku da lambobi na Larabci. Shi wannan da zinare ko filatinam kaɗai ake ƙera shi, ka ga alhazanmu na da ba za su ɗaura zinare ba ko da kyauta aka ba su. Na ƙarfe suka kawo mana.

Ban ce kowane tsohon agogo dukiya ba ne. Mafi yawan na cikin adakokinmu Seiko 5 ne da Orient da Citizen, masu ƙarko amma ba masu tsada ba, ga jabu kuma jibge. Sai dai magada su daina yi wa agogo kuɗi da ido. A nemo kwalinsa da takardar garanti in suna nan, a ɗauki hoto, a tambayi fiye da mutum ɗaya kafin a sallama wa mai zuwa har gida yana cewa tsohon ƙarfe ne.

Ku kuma masu gyara, ku tambayi mai kaya kafin ku taɓa fuska, duk abin da kuka canza ku mayar masa da tsohon. Har lafiyarku nake jiye muku: abin da ke haske da dare a lambobin agogon da aka ƙera kafin shekarun 1960 sinadarin radiyum ne, mai illa ga jiki, ga shi na sha ganin ana kankarewa ana hure ƙurar da baki.

Har yanzu ina ɗaura na Baba ranar Juma'a. Lokacinsa daidai yake, amma duk sanda na duba, karkataccen M ɗin nan nake fara gani.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta,
Mabera, Sakkwato.