Wasiƙa zuwa Yamai a kan sunan Ukasha

Zuwa ga aminina Malam Issoufou,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali da su Hajiya. Na san shiruna ya yi tsawo, amma yau na zo da labarin da zai wanke ni: Allah Ya sauki maiɗakina lafiya, an samu ɗa namiji, kuma ranar Asabar da ta wuce aka yanka rago aka raɗa masa suna Ukasha.

Ka san tun muna zaure gaban Malam nake ƙaunar wannan suna, tun ranar da aka karanta mana hadisin mutum 70,000 da za su shiga Aljanna ba tare da hisabi ba, Ukasha ɗan Mihsan ya miƙe ya roƙi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi masa addu'ar zama cikinsu, aka amsa masa, sannan da wani ya tashi da irin roƙon aka ce masa Ukasha ya riga shi. Mutumin ya halarci Badar, ya kuma yi shahada a yaƙin ridda zamanin Sayyidina Abubakar, cikin rundunar Halidu ɗan Walidu. Duk da wannan daraja, da na ƙirga a unguwarmu, inda kowane gida akwai Abubakar da Usman, mai wannan suna ɗaya tak na tuna, shi ma ya tsufa.

Abin da ya dame ni shi ne yadda sunan ke sauyawa a bakin mutane. Liman ya furta shi da harafin ainun na Larabci daga maƙogwaro, ya kuma ƙarfafa harafin kafun, wato Ukkasha, amma kafin a gama rabon goro maroƙi ya shelanta wa mata cewa an samu Akasha. Inna kuwa da ta ji, sai ranta ya ɓaci, ta ce ba za ta kira jikanta da sunan da ke kama da "a kashe" ba. Na zauna da ita na ba ta labarin sahabin, ta saurara har ta yi ƙwalla, amma ta tsaya a kan laƙabin Maikano, sunan da take kiran marigayi Baba da shi, kuma ban ga dalilin jayayya da ita ba.

Wajen yin takardar haihuwa ma sai da muka yi gyara. Kawu ya faɗi sunan yadda tsofaffin malamanmu ke faɗa, Ukashatu, sai mai rubutu ya ji ƙarshensa irin na A'ishatu da Hadizatu, ya rubuta mace. Na tuna masa cewa Hamza da Usama da Huzaifa su ma da harafin ta, wanda ke ba da wannan "tu" ɗin, suka ƙare a Larabci, kuma duk maza ne. Na duba abin da malaman hadisi suka faɗa, na tarar sun yarda da furuci biyu, da shadda, wato ƙarfafawa, a kan kafun da kuma ba shadda, sai dai mai shaddar ya fi shahara. Na zaɓi a rubuta Ukasha domin shi ne harshenmu ya fi ɗauka, kuma bai saɓa wa ƙa'ida ba.

Ga abin da nake so ka taimaka mini da shi. Tunda dangin mahaifiyarsa suna Maraɗi, kuma mai yiwuwa wata rana ya yi karatu a wajenku, ina so ka tambayar mini yadda ake rubuta sunan a takardunku na Faransanci, ko Oukacha ne ko Oukachatou, don kada yaro ya tashi da suna biyu a tsakanin ƙasashe biyu.

Ka gaida Hajiya, ka roƙa mana ita ta sa masa albarka.

Naka amini,
Abdullahi, daga Katsina