Wasiƙa daga Aboabo

Aboabo, Kumasi

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Kano baki ɗaya. Ka yi haƙuri da shirun da na yi maka wata huɗu. Ba mantuwa ba ce, jinyar ciwon ƙodar Yaya ce ta sha kanmu.

Ka san shi da tuƙin babbar mota, Kumasi zuwa Bawku, shekara da shekaru. Kullum yana kukan ciwon baya, kullum akwai ƙwayar diclofenac a aljihun rigarsa, yana afawa kamar gyaɗa. An taɓa gaya masa yana da hawan jini, ya sha magani wata biyu, ya ce ya warke. Bara ƙafafunsa suka fara kumbura har takalmi ya daina shiga. Da safe fuskarsa a tashe, fitsari kuma kumfa kamar an zuba omo. Inna ta ce sammu ne, aka yi ta kawo jiƙe-jiƙe a jarka. Ni ma ban hana ba, Allah Ya yafe mini. Sai da amai da shaƙuwa da ƙaiƙayin jiki suka hana shi barci muka ɗauke shi zuwa asibitin Komfo Anokye, wato Ji, kamar yadda muke kiransa tun muna yara.

Gwajin da ya tona asiri bai taka kara ya karya ba. Jini kaɗan a kwalba, fitsari a ɗan roba. A jinin suna duba wani datti da ake kira kiriyatinin, wanda ƙoda mai lafiya ke tacewa ta fitar. Da shi suke lissafa ƙarfin ƙodar. Likitar ta zana mana matakai biyar na ciwon ƙoda a bayan kati, ta ce wanda lissafinsa ya sauka ƙasa da 15 ya shiga na biyar. Na Yaya 8. Hoton ciki ya nuna duka biyun sun tsuke. Na tambaye ta yaya aka yi bai taɓa jin ciwo a wurin ba, ta ce haka ƙoda take, ba ta kuka sai ta kusa ƙarewa.

Yanzu wankin ƙoda ake masa. Ranar farko da na ga jinin ɗan'uwana yana fita ta roba daga wuyansa, ya bi ta cikin wata matata mai tsawon kamu ɗaya, ya dawo ta ɗaya robar, sai da na fita waje na zauna a kan dakali. Awa huɗu ake yi. Ana auna nauyinsa kafin a ɗora shi da bayan an sauke shi, wani lokaci a cire ruwa lita biyu ko uku. Sau uku a mako ake so, mu biyu muke iyawa. Tun ƙarshen 2024 inshorar lafiya ta ƙasa ta fara ɗaukar kuɗin wankin, kuma hakan ya rage mana nauyi sosai, amma allurar ƙarin jini da kuɗin tasi da gwaje-gwaje suna nan suna cin sidi, kuɗinmu na Ghana. Matasan masallacinmu sun yi karo-karo sau biyu, ba tare da mun roƙa ba.

An yi masa ɗan aiki a hannun hagu, aka haɗa jijiyoyi biyu don a daina bi ta wuya. Sai ta yi makonni ta nuna kafin a fara sa mata allura. In ka ɗora yatsa a wurin za ka ji tana rawa kamar waya a aljihu. Jikokinsa layi suke yi su taɓa.

Abin da ya fi ƙona masa rai abinci ne. An hana shi ayaba, ruwan kwakwa, lemu, an ce a rage tumatir da kontomire, wato ganyen gwaza, saboda sinadarin fotasiyam, wanda in ya taru yana iya tsayar da zuciya. Koobi, busasshen kifin nan mai gishiri, da dunƙulen magi an sallame su. Ruwa kuwa da awo, mutumin da a da yake shanye leda biyar a zama ɗaya yanzu ƙanƙara yake tsotsa. Matarsa ta kama shi sau ɗaya yana kurɓar ruwan alwala.

Ga dalilin da ya sa na ɗauki biro. Ana dashen ƙoda a asibitin Korle Bu da ke Accra tun 2008, sai na ce a gwada ni ko zan ba shi ɗaya. Rukunin jininmu ya zo ɗaya, har na fara murna. Da aka auna ni sai ga hawan jini 160 bisa 100, ga furotin a fitsari. Mai zuwa ba da ƙoda ya dawo gida da takardar magani. Ni da nake ganin garau nake! Ƙaninmu na unguwar Nima a Accra ne za a gwada yanzu.

Na tuna zuwanka na ƙarshe, da ka ce ka ajiye maganin hawan jininka don yana sa ka yawan fitsari, ga kuma sukarin da ya kwantar da Baba, Allah Ya jiƙansa. Don Allah makon nan ka je asibitin Malam Aminu Kano ko wani na kusa da kai, ka ce a duba maka kiriyatinin da fitsari. Ka ɗauki hoton sakamakon ka turo mini ta WhatsApp, ba zan yarda da "lafiya lau" ta baki ba.

Yaya yana gaishe ka, ya ce kada ka aiko masa da kilishi, gishiri ya yi yawa, amma turare yana so. Ka gaida Hajiya da yara.

Naka har kullum,
Amininka na Aboabo