Wahala ba ta rushe bangaskiyar Kiristocin Damagaram ba

Zuwa ga Edita,

Ranka ya daɗe, ina roƙon fili a jaridarku domin in tanka wa masu cewa tsanani yana korar mutum daga addininsa.

A ranar Juma'a, 16 ga Janairun 2015, zanga-zangar da aka yi kan zanen Annabi Muhammadu da mujallar Charlie Hebdo ta Faransa ta buga ta rikiɗe ta zama tarzoma a nan Zinder, aka ƙona majami'u, aka kuma lalata gidaje da shagunan Kiristoci, waɗanda ba su da hannu a abin da aka buga a Paris. Iyalai da dama sun kwana a barikin soja, wasu kuma maƙwabtansu Musulmi ne suka ɓoye su, alherin da bai kamata a manta da shi ba.

Abin da ya biyo baya shi ne hujjata. Mutane sun koma sujada a cikin gine-ginen da hayaƙi ya baƙanta, kwanon rufi a lanƙwashe, suna zaune bisa tabarmi saboda bencina sun zama toka, shugabanninsu kuwa suka yi wa'azin gafara maimakon ramuwa. A cikin Littafi Mai Tsarki, Manzo Bulus ya rubuta a wasiƙarsa zuwa ga Romawa, sura ta 5, cewa shan wuya yana haifar da jimiri, jimiri kuma yana kai ga sa zuciya. Ba na cewa kowa ya tsaya, domin akwai waɗanda tsoro ya sa suka bar garin. Amma waɗanda suka zauna sun sake ɗora rufi, kuma har yau ana jin waƙoƙinsu kowace Lahadi.

Naku,
Wani mai karatu, Zinder