Maigidana ya kamu da hawan jini, danginsa sun ce girkina ne

Assalamu alaikum Anti. Ya aiki, ya jama'a? Don Allah a sakaya sunana, domin dangin maigidana ba sa bari shirinki ya wuce su. Ita yayar tasa har kira take yi tana ba mutane shawara kamar ta Allah.

Ƙarfe ɗaya na dare nake rubuto miki, barci ya gagara. Ranar Asabar ɗin nan yayar maigidana ta zo gidana, ko gaisuwar kirki ba mu yi ba ta zarce kicin. Ta zazzage kwandon shara, ta tsinto ledojin taliyar yara guda tara, ta jera su a kan tabarma kamar mai kasa tumatir, ta ɗauki hoto ta tura zauren gidansu na WhatsApp. A ƙasa ta rubuta wai ga abin da ake kashe musu ɗan'uwa da shi. Ina cikin zauren, Anti. Da idona na ga mutum goma sha ɗaya suna ta salati.

Bari in koma baya. Sati biyu da suka wuce ya dawo daga kasuwa da jiri da ciwon kai, muka je asibiti aka auna jininsa, 160 bisa 100. Bayan kwana uku aka sake aunawa, bai sauka ba, aka ɗora shi a kan magani. Likita ya ce a rage gishiri da dunƙule da soye-soye. Ya ce duk gishirin da mutum zai ci a wuni kada ya kai gram 5, wato kamar cokalin shayi ɗaya, har da wanda yake ɓoye a cikin dunƙule da burodi da garin yajin taliyar nan. Ya ce ko kanwa a yi hankali da ita, 'yar'uwar gishiri ce.

Gaskiya ɗaya ce, ba na son girki. Amma ba wai ban iya ba ne, nan ne suke yi mini ƙarya. Mahaifiyata shinkafa da wake take sayarwa a bakin tasha, ni ce babbar 'ya mace a cikin mu tara. Tun ina shekara goma nake tashi kafin asuba in hura icce, in tsince wake kwano huɗu, hayaƙi ya cika mini ido, sannan in tafi makaranta ina warin manja, yara suna tsokana ta. Shekara goma sha uku ina wannan. Ranar da aka kai ni ɗakina na ce ni da doguwar tsayuwa a gaban murhu har abada. Shi ma ya sani tun muna zance na gaya masa, ya yi dariya ya ce ai ba kuku yake nema ba. Yanzu ya manta.

Kuma ni malamar firamare ce. Bakwai saura kwata na fita, in ajiye yarinya, sai bayan azahar in dawo, muryata a dishe, ga littattafan yara da zan duba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda kasuwa ta koma, amma kuɗin cefanen da yake ba ni ɗari biyar kawai ya ƙara. Gas da albashina nake cikawa. Tuwo da miyar taushe sai su ci mini awa biyu, ga gas yana tafiya. Firij ɗina kuwa ya zama kabad, wutar unguwarmu sai ta ga dama. To a ina zan ajiye miyar kwana uku da ake cewa a yi a ajiye?

Kada ki ce ban yi ƙoƙari ba. Tun da muka dawo daga asibiti nake jiƙa wake da daddare, don maƙwabciyata ta ce idan ya kwana a ruwa ba ya buƙatar kanwa, kuma gaskiyarta, ya fi saurin nuna. Na yi faten wake da alayyafo, na sa daddawa da citta da tafarnuwa, dunƙule rabi kawai. Na yi kwaɗon zogale, dafaffe nake saya a wurin wata tsohuwa a layinmu, in daka ƙuli-ƙuli, in yanka tumatir da albasa, minti goma na gama. Na dafa dankalin Hausa da miyar ƙwai. Ranar da na yi faten, cokali uku ya yi ya ture kwanon, ya ce wannan ai abincin gadon asibiti ne, lami. Zogalen kuma ya gaya wa Hajiyarsu, ita kuma ta ce ganye ai na akuya ne, ba abincin daren magidanci ba. Na yi kuka a banɗaki don kada yarinya ta gani.

Ledojin nan tara ma, na sati biyu ne, kuma yarinya tana ci, ni ma ina ci. To, shi ma kafin ciwon yakan ci da safe, wani lokacin har da daddare, ba zan yi ƙarya ba. Amma me ya sa ba wanda ya ɗauki hoton takardar tsire da balangun da yake shigowa da ita kusan kullum bayan isha'i, yajin nan fal gishiri? Mahaifinsu, Allah ya jiƙansa, hawan jini ne ajalinsa, ni na dafa masa? Ita kanta yayar, gaba ɗaya miyarta mai ne yake iyo a kai, dunƙule shida take jefawa, na gani da idona ranar sunan ƙanwarsu. Dama tun ranar kai lefe ba ta ƙaunata, wata ƙawarta ta so ya aura.

Na manta ban gaya miki ba, ina da ciki wata huɗu. Ƙamshin albasa a cikin mai kawai zan ji sai amai. Danginsa ba su sani ba tukuna, shi ya ce a bari sai ya fito.

Da farko abin da na so in tambaye ki shi ne irin abincin da zan riƙa yi wanda ba zai wuce minti talatin ba, ba tsada, ba gishiri da yawa, kuma namiji ya ci ya ji ya ci abinci. Har yanzu ina so, ko masu sauraro su taimaka. Amma abin da ya hana ni barci daban ne. A zauren nan yayar ta ƙara da cewa akwai yaran kirki da suka iya riƙe miji, kuma shi yana gani bai ce uffan ba. Na tambaye shi, ya ce in bar maganar, yayarsa ce. Mahaifiyata ta ce in je in durƙusa in ba Hajiya haƙuri. Haƙurin me, Anti? Idan na je ai na amsa laifin ke nan. Idan ban je ba kuma a ce na raina su.

Ga shi Hajiyar ta aiko wai ranar Juma'a za su zo ita da yayar su duba shi, kuma a nan za su ci abincin rana. In yi musu irin wanda likita ya ce su ce lami, ko in zuba mai da dunƙule su ce ga shi sun kama ni? Don Allah ki karanta wasiƙar nan kafin Alhamis.

Taki,
wata 'yarki daga Kano