Takardar Koke Kan Sare Ɗorawa da Kaɗanya da Inji a Gonakinmu

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Dagatai da Masu Unguwanni.

Daga masu sana'ar itace da faskare, da mata masu daddawa da man kaɗe, da manoma da makiyaya na ƙauyukan ƙasarka da ke gefen Dajin Falgore.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwar ban girma da fatan Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya, mun kawo kukanmu gabanka ne a kan yadda masu injin yankan itace suke kayar da manyan bishiyoyi masu 'ya'ya a gonakinmu da kurmin gari, ana ƙona su gawayi ana lodawa a manyan motoci. Mun kai maganar gaban masu unguwanni, sun yi iya ƙoƙarinsu, amma abin ya fi ƙarfin mai unguwa, domin masu injin ba talakawansa ba ne, kuma sukan ce ba shi ya kawo su ba.

Kada a ɗauka mun zo neman a hana itace ne. Yawancin waɗanda suka sa hannu a wannan takarda da itace suke ci da iyalinsu, kuma ba ma jin kunyar sana'ar. Malamanmu sun karantar da mu cewa Manzon Allah (SAW) ya ce mutum ya ɗauki igiyarsa ya yo damin itace a bayansa ya sayar ya fi masa alheri a kan roƙon mutane. Babu gidan da ake ɗora tukunya a ƙasar nan ba da itace ko kara ba, haka mai tuyar ƙosai, haka mai tsire, haka gidan burodi. Duk wanda ya ce zai hana itace gaba ɗaya, bai san yadda talaka yake rayuwa ba.

Sai dai sana'ar tana da ƙa'idar da muka gada. Mai gatari busasshe yake bi, da wanda iska ta kayar. In ɗanye zai sara, geza ce ko sabara ko taramniya ko kargo, waɗanda in an sare su wannan rani, kafin damina biyu ko uku sun sake tohowa. Darbejiya rassanta ake saukewa a bar uwar, ta sake fitar da wasu. Ba a taɓa jin mai faskare ya ɗora gatari a gindin ɗorawa mai haihuwa ba. Ko ba don tsoron Sarkin Daji ba, gatarin ma ba zai bar shi ba, don sai ya shafe kwanaki yana fama da gindi ɗaya, kafin nan labari ya kai gari.

Inji ya kawar da wannan. Ɗorawar da kakanninmu suka tarar, mai inji yana kwantar da ita kafin a gama shan koko, zuwa azahar ya gunduwa ta, zuwa magariba ya koma ta gaba. Abin ya ƙaru sosai tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki. Gas ɗin girki da kananzir suka yi tsada, gidaje da yawa a birni suka ajiye tukunyar gas suka koma kurfoti, buhun gawayi ya yi daraja. Ba mu ga laifin mutanen birni ba, su ma matsi ne. Amma gandun daji yana da dokarsa da ma'aikatansa, gona da kurmin gari kuwa ba su da mai tsaro sai mu da ku, shi ya sa dillalai suka juyo kanmu.

Ga yadda cinikin yake tafiya, ranka ya daɗe. Dillali yakan zo lokacin bazara, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa kuma ana neman kuɗin taki. Ba ya zuwa wurin babban gida. Sai ya nemi ɗaya daga cikin magada, galibi yaro mai neman kuɗin aure ko na babur, ya nuna masa bishiyar da ke tsakiyar gonar gado wadda ba a raba ba, ya damƙa masa kuɗi a hannu. Washegari da asuba sai dai a ji kukan inji. Kafin 'yan'uwa su iso, bishiya tana ƙasa, ta danne kunyoyi, wani lokaci ta karya wata ƙarama a gefenta. Daga nan sai rigimar gida, a kai gaban dagaci, kuma babu hukuncin da zai tayar da bishiyar da ta faɗi. A irin wannan gonar akwai tsohuwar da daga wannan ɗorawa take samun kalwar da take daddawa shekara da shekaru, ba wanda ya tambaye ta, ba kuma wanda ya ba ta ko sisi daga kuɗin.

Ɗorawa ba itace ba ce kawai a wurinmu. Garinta yara suna sha, kalwa ta zama daddawa, makuba a yi daɓe da ita. Kaɗanya kuma sai ta kai shekara goma sha biyar zuwa ashirin kafin ta fara 'ya'ya, ba mai shuka ta a gonarsa, wadda Allah ya fitar ita ake rainawa. A watan Agustan 2025 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen kaɗe zuwa ƙasashen waje na wata shida, domin a riƙa sarrafa shi a gida. To, idan gwamnati tana ganin darajar ƙwallon har haka, ina amfanin a bar uwar tana tafiya a buhun gawayi? Kirya, wadda maƙeranmu suke hura wuta da gawayinta, masassaƙa su yi turmi da ƙota, ita masu gawayi suka fi so saboda nauyinta, yanzu maƙeri sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya ga guda. Gawo kuwa kowane manomi ya san gero da dawa sun fi kyau a ƙarƙashinsa, domin da damina yake zubar da ganye, da rani kuma ya fitar da ganye da 'ya'yan da dabbobi suke rayuwa da su. Makiyayan da suka sa hannu tare da mu, saboda gawo suka sa.

Ramin gawayin shi ma wata masifa ce. Ana jera gungume, a rufe da ciyawa da ƙasa, a cinna wuta a bar ta tana ci kwana da kwanaki. Abin da ake kwashewa a ƙarshe da ƙyar yake kai kashi ɗaya cikin biyar na nauyin itacen da aka zuba, sauran ya tafi a hayaƙi. Sukan haɗa ramin a kan kututturen bishiyar, don haka ko tohon da ake sa rai ba zai fito ba. Da hunturu kuma, in mai gadin ramin ya yi barci ko ya tafi kasuwa, iska ta buɗe gefe guda, sai wuta ta bi ciyawa ta shiga karan dawa da harawar da mutane suka tara. Ana kuma sara har bakin rafukan da ke zuba a Kogin Kano, wanda shi ne yake cika Madatsar Tiga, gaɓa tana zaizayewa kowace damina.

Akwai kuma maganar 'ya'yanmu, wadda ita ce ta fi ci mana rai. Masu injin ba su suke riƙe shi ba, yaran ƙauye suke ɗauka aikin yini, a miƙa wa yaro inji yana sanye da silifa, babu abin kare ido, babu na kunne, ba wanda ya koya masa komai sai yadda ake jan igiya. A cikinmu akwai waɗanda suka yi aikin katako suka san inji. Sarƙar injin, wadda ita ce take yankan, tana bukatar a bi haƙoranta da magagari a kai a kai. In tana da kaifi, ɓarɓashi manya-manya take fitarwa, in ta dakushe sai gari kamar na tuwo, yaro ya riƙa danna ta da ƙarfi yana gumi, a nan ne bakin injin yake cin karo da reshe ya yi tsalle ya dawo wa fuska ko kafaɗa. Sarƙar da ta saki takan fita daga kan wuƙarta ta doki ƙafa. Masu ƙera yawancin injinan sun ce a haɗa man inji mililita 100 a fetur lita 5, amma a nan da ido ake aunawa, kuma baƙin man da aka juye daga mota ake ɗura wa sarƙa don tsimi. Birkin sarƙa in ya lalace ba a gyarawa. Yaro in ya ji ciwo, a ba shi kuɗin allura a sallame shi, gobe a ɗauki ƙanensa.

In an yi musu magana sai su zaro wata takarda su ce sun biya. Mu ba mu san wanda ya ba su ba, ba mu kuma zargi kowa ba, amma ba a taɓa karanta mana ita ba, ba mu san bishiya nawa aka rubuta a ciki ba balle irinta.

Saboda haka, Allah ya taimake ka, abin da muke roƙo na farko shi ne ka ba da umarni a yi shela a masallatan Juma'a da kasuwanni cewa ba a kayar da ɗorawa, kaɗanya, gawo, tsamiya, kuka, kanya da kirya matuƙar suna raye, ko a gonar mai su ne, sai mai unguwa da malamin daji sun je sun gani da idonsu cewa ta bushe ko tana barazana ga gida ko hanya. Bishiyar da ke gonar gado kuma kada cinikinta ya tabbata sai duk magada sun amince a gaban dagaci, har da mata, domin su ne suka fi asara.

Muna roƙon duk injin da zai yi aiki a ƙasar nan a rubuta shi a fadarka, da sunan mai shi da wanda zai riƙe shi, a hana ba yaron da bai balaga ba, a hana aikin dare, kuma mai inji ya ɗauki nauyin jinyar wanda ya ji rauni a aikinsa. Takardar izini kowace iri ce, a nuna wa dagaci ita kafin a tayar da inji. Muna kuma fatan ka isar da wannan koke ga Shugaban Ƙaramar Hukuma da sashen gandun daji, domin abin da ya shafi motocin da ke fita da gawayi su ne da ikonsa. Jihar Kano tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Bishiyoyi, na dashen itatuwa don tare hamada, ya shafa, muna roƙon a nema mana irin dashe ta wannan hanya ko ta jiha.

Sarautar Sarkin Daji a dawo mata da ƙarfinta. A ƙauyuka da dama suna ne kawai ya rage, alhali a da shi ne yake cewa ga ɓangaren da za a yi itace bana, ga wanda za a bari ya huta. 'Yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar suna da kasuwannin itace na karkara tun 1992, irin na dajin Baban Rafi a jihar Maraɗi, inda mutanen ƙauye da kansu suke raba daji kashi-kashi, su sari wani su bar wani, wani kaso na harajin kuma ya zauna a ƙauyen. Ba sai mun kwafe nasu duka ba, amma a keɓe mana wani yanki na kurmi a gwada, mu masu faskare mun ɗauki alkawarin tsare shi, da barin toho a gonakinmu lokacin sassabe, da dasa darbejiya a fegin da za a ba mu. In ɗayanmu ya karya doka, a fara hukunci ta kansa.

Muna roƙon ka sa ranar da za ka kira mu da dagatai da masu injin a zauna gabanka kafin bazara ta shigo, domin a lokacin ne dillalai suke dawowa. In ka ga dama ka turo wakili, za mu zagaya da shi ya ƙirga kututturan da kansa. Sa hannun wakilanmu da dangwalen yatsun matan da ba sa rubutun boko suna haɗe da wannan takarda, kowane ƙauye da shaidar mai unguwarsa.

Allah ya ja zamaninka, ya kare ƙasarka.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Masu sana'ar itace da faskare, mata masu daddawa da man kaɗe, manoma da makiyaya.