A kawo mana maganin jijjiga na hanci a ƙananan asibitoci

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin yara, kuma da zarar damina ta kankama, zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, aikin darenmu kusan duk na jijjiga ne. A shigo da yaro a sandare, ido ya kakkafe, haƙora a datse, uwa na ta salati. Abin da ke cinye mana lokaci neman jijiyar jini ne da za a yi allurar maganin. Mutum biyu sun danne yaro, wani na haska fitilar waya, ni ina lalube a bayan hannun da amai da gudawa suka riga suka tsotse. Jijjigar da ta wuce minti 5 kuwa ba kasafai take tsayawa da kanta ba.

Alhali ga hanci nan a buɗe. Fatar cikinsa siririya ce, cike da ƙananan jijiyoyi, don haka maganin da aka fesa yakan shiga jini da sauri, ba sai ya biya ta ciki da hanta ba. Midazolam ɗin nan na allura, maganin tsayar da jijjiga, ana zuƙo shi a sirinji, a cire allurar, a maƙala wani ɗan kan roba mai mayar da shi feshi, a raba wa ƙofofin hancin biyu. Cikin 'yan mintuna jiki ya saki. Amurka ta amince da na feshinsa a 2019, na diazepam kuma, wani maganin jijjigar, a 2020. Mu har yau in jijiya ta ƙi samuwa sai dai mu ba da maganin ta dubura, kuma ka san ba kowane uban budurwa mai farfaɗiya ne zai lamunta ba.

Da sharaɗi fa. Hanci ba ya ɗaukar ruwa da yawa, majina na iya tare maganin, sannan maganin yakan rage numfashi, saboda haka ba kayan kemis ba ne. Kada kuma iyaye su ce ai shi ne shaƙen da suke yi a gida. Man da ake ɗura wa yaro a hanci yana tsakar jijjiga, huhu yake gangarawa.

Roƙona ga kwamishinonin lafiya na jihohinmu, a sayo wannan kan sirinji, a koya wa ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi awon maganin bisa nauyin yaro. Can ake fara kai yaron kafin a samo babur zuwa gari.

Wassalam.

Wata ma'aikaciyar jinya,
Funtuwa, Jihar Katsina